Faten Acca a Gidan Azariya

Shekara ashirin da shida Azariya ya yi da aure, bai taɓa ɗora tukunya a kan wuta ba. Ba wai malalaci ba ne, a'a, kowa a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan ya san shi da aiki kamar ba ya jin jikinsa. Shi ne shugaban leburori takwas masu gyaran layin dogo. Kullum da sassafe su fita da guduma da sifana, su bi layi mil biyar, mil shida, suna canja ruɓaɓɓen katako suna ɗaure noti, rana ta dake su, ruwa ya dake su. Sai dai a yadda aka rene shi, namiji ya nemo ya kawo, abin da ke faruwa tsakanin buhu da kwano kuwa sha'anin mata ne. Yana dawowa ya yi wanka, ya zauna, matarsa Emilia ta ajiye masa kwano, ya yi addu'a ya ci. Ko sau ɗaya bai taɓa tambayar kansa yadda abincin nan yake isowa a kan lokaci ba.

A watan Agusta na 1991 Emilia ta faɗi. Tana tsaye a coci tare da zumuntar mata suna koyon waƙa, ta kai hannu za ta dafa benci, hannun ya ƙi zuwa. Dokta ya ce hawan jini ne, ya shanye mata ɓarin dama, hannu da ƙafa, ya kuma nauyaya mata harshe. Matar da in ta ɗauki waƙa har bakin titi ake jin ta, yanzu kalma ɗaya sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito. Sati uku suka yi a asibiti. Ranar sallama dokta ya tsare Azariya a baranda ya lissafa masa da yatsu: gishiri sai ɗan kaɗan, ban da magi, ban da mai da yawa, abinci mai laushi, ganye da yawa. Maganin yamma kuma ƙarfe shida daidai, kuma ba a shan sa da cikin wofi.

Da farko abin bai nuna nauyinsa ba. 'Yarsu ɗaya tilo, Ƙauna, ta zo daga Sabon Tasha da jariri a baya, ta yi wata guda cur, sannan hutun makarantar da take koyarwa ya ƙare, ta tafi tana kuka. Matan zumunta suka karɓa, yau wannan ta kawo kwano, gobe waccan. Allah ya saka musu, sun yi iya yinsu. Amma kaka ta kama, kowace tana da gona a ƙauye, kwanukan suka yi ta raguwa har suka ɗauke. Matar maƙwabcinsa tana leƙowa da rana ta ba Emilia kunu ta gyara mata shimfiɗa, amma ƙarfe huɗu na yi take ɗaukar kaskonta ta tafi tasha tuyar ƙosai. Yamma ta rage wa Azariya shi kaɗai.

Shi kuwa ƙarfe biyar da rabi yake shigowa gida, ƙafafu kamar an ɗaura musu dutse. Rabin awa ke nan tsakaninsa da magani. Me mutum zai yi a rabin awa, mutumin da bai san ko ina ake ajiye ashana a gidansa ba? Sai ya riƙa biyawa ta tasha ya sayo burodi, ya haɗa shayi. Wata rana shinkafa da miya daga wurin mai abinci, miyar ja wur da manja, gishiri kamar an kifar da kwalba a ciki. Emilia ta ci cokali biyu ta kau da kai. Ya lallashe ta, ya yi faɗa, ya koma lallashi, ta haɗiyi magani a kan cokali biyun nan. Cikin sati uku zanin da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma yana zagaye ta sau biyu.

A haka yayarta Edna ta same ta. Ta zo daga Fadan Kagoma ranar wata Lahadi bayan sujada, doguwar mace mai murya, gwauruwa, wadda ita ta riƙe Emilia tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito idonta ya yi ja, ta tsaya a kan Azariya inda yake zaune a baranda.

"Baban Ƙauna, me kake ba ƙanwana?"

"Yaya, ina ƙoƙari."

"Ban tambaye ka ƙoƙari ba. Na ce me kake ba ta?"

Ta shiga kicin ta fito da ledar burodi, ta ɗaga ta sama kamar ta kama ɓarawo.

"Wannan? Wannan ne abincin wadda ta ba ka shekara ashirin da shida? Haba, Azariya, ka ji tsoron Ubangiji mana! Ƙashin wuyanta har zai riƙe ruwa."

"Lokaci ne ba ni da shi, Yaya. In na taso daga aiki..."

"Na sani. Shi ya sa zan ɗauke ta. A gida akwai mata, akwai hannuwa. Ba Asabar mai zuwa ba, ta sama, zan zo da motan Bartholomew mai kwasan citta. In na same ta yadda na bar ta, ko ka yi kuka da jini sai ta bi ni. Aure muka ba ka, ba mu sayar maka da ita ba."

Bai yi musu ba, don ya san gaskiya ta faɗa. Amma ya san wani abu kuma. Ya ga matan da aka kai gida jinya a irin wannan hali, a ce sai ta ɗan ji sauƙi, wata ya bi wata, miji ya koma mai zuwa gaisuwa ran Lahadi da lemo a leda, ya zauna a kujerar baƙi. Ba kasafai suke dawowa ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ta faɗi, don ranar nan yana gudu ne yana neman mota, yau kuwa yana zaune yana kallon abin yana tahowa.

Da Edna ta tafi ya shiga ɗaki. Emilia ta ji komai, bangon kwatas ba ya ɓoye magana. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Maman Ƙauna, kina so ki bi Yaya?"

Ta girgiza kai da ƙarfi har ɗankwalinta ya zame.

"To me zan dafa miki? Ni ban iya komai ba. Kin san ban iya ba."

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ɗaga hannun hagu ta nuna ƙarƙashin tebur, inda wani babban gwangwani mai murfi yake. Ya jawo ya buɗe. Acca ce, fara tas, ƙanana kamar garin dutse, ta kai rabin gwangwanin.

"Fa... te," in ji Emilia.

Washegari ya taso daga aiki bai biya ta tasha ba. Ya ɗauko risho daga kicin ya kawo cikin ɗaki, ya rufe ƙofa, ya saki labule. Kunya! Shugaban leburori guda, a gan shi da ludayi? Gobe a kan layi ba zai iya ɗaga murya ba. Ya ajiye agogonsa a kan tebur, ya durƙusa a gaban risho, Emilia tana kishingiɗe tana tuƙa shi da ido da yatsa ɗaya.

Ruwa kofi uku a tukunya. Albasa ɗaya, tumatir biyu, ya yanka su manya-manya kamar mai faskare, ta runtse ido amma ba ta hana shi ba. Ta nuna bayan gida, ya fita ɗan lambunta da ciyawa ta fara cinyewa, ya tsinko gauta huɗu da yakuwa da alayyafo. Ya marmasa busasshen kifi ya cire ƙaya. Daddawa ɗan gutsure, ɗanyar citta kamar kan yatsa, niƙaƙƙiyar gyaɗa cokali biyu a maimakon mai. Da ya kai hannu kwalbar gishiri ta buga katifa da tafin hannu, ya ɗauki abin da yatsu biyu suka kama kawai. Ruwan ya tafasa. Ta nuna masa yadda zai riƙa barbaɗa accar da hannu ɗaya yana juyawa da ɗayan, kada ta yi gudaji. Yana juyawa yana gani tana kumbura tana kauri a idonsa. Ganye a ƙarshe, a rufe, a ƙirga ɗari, a sauke.

Ya dubi agogo. Minti ashirin da biyu.

Ya zuba mata a kwano ya sa cokali a hannun hagunta. Sai ta yi masa alama ya fita. Tun da ta kwanta ba ta son a kalle ta tana ci, don abinci yana zubowa ta gefen bakin da ya mutu, kuma Emilia mace ce mai tsafta da jin kai. Ya ɗauki bokiti ya tafi wanka. Da ya dawo kwanon wayam, har ta suɗe gefensa da yatsa. Ta sha magani ƙarfe shida da minti biyar. Azariya ya tsaya da kwanon a hannu, sannan ya fita waje ya yi kamar yana duba kaji.

Daga nan fa hanya ta buɗe. Kullum fate, amma ba kullum iri ɗaya ba. Yau ya sa kabewa ya yanka ƙanana don ta yi saurin nuna, gobe zogale, jibi ya fasa ƙwai biyu a kai kafin ya sauke. Ranar da Hajjo mai nono ta biyo ta kwatas ya sayi kindirmo, ya dafa accar zalla, ta huce, ya dama da shi. Ya koyi tsinke ganye da safe kafin ya fita, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, don in ya dawo sai yanka kawai. Ya koyi ɗora ruwa kafin ya cire takalmi. Minti ashirin da biyu suka koma sha takwas, har sha biyar. A rana ta biyar ya mayar da risho kicin, ya daina buƙatar yatsan Emilia, ko da yake ƙofar kicin ɗin dai a rufe yake barin ta. Shi kansa ba ya cin faten. Ya ɗanɗana ranar farko ya ji lami, ya ce wannan abincin marasa lafiya ne, ya ci gaba da garinsa da ƙuli-ƙuli. In zai gwada ko ya yi, sai ya ɗiga romon sama a tafin hannu ya lasa, yadda ya ga mata suna yi.

Emilia kuwa ta fara dawowa. Kumatunta suka ɗan ciko. Ta fara zama a kujera a baranda, ta fara cewa "sannu" ta fito sarai. Azariya yana tafiya a kan layi yana murmushi shi kaɗai, har leburorinsa suna taɓa juna. A ransa yana cewa, ashe abin da mata suke ta yi wa mutane yanga da shi ke nan? Minti sha biyar? Kai, maza, Allah ya shirye mu. Mutum ya kwana tara a kicin, ya ɗauka ya gama sanin abin da wata ta yi shekara ashirin da shida tana yi.

Ranar Talata gwangwani ya ƙare. Ranar Laraba ya roƙi mataimakinsa ya riƙe masa aiki, ya sulale kasuwa. Sabuwar acca ta shigo, matan ƙauye sun jera ta a kwanduna. Ya tsaya gaban wata tsohuwa yana waige-waige kada wani ɗan reluwe ya gan shi a layin mata.

"Mama, mudu biyu. Madam ce ta aiko ni."

Tsohuwar tana aunawa ta ce, "Daga masussuka ya fito, ɗana. Amma tunda madam ne, ta san aikinsa."

"Ta sani, ta sani," in ji Azariya, ya karɓe leda ya yi gaba.

Wayyo Azariya! Da ya ce shi ne zai dafa, da tsohuwar nan ta zaunar da shi ta gaya masa abin da kowace yarinya 'yar shekara goma ta sani a ƙasar nan. Acca a ƙasa ake sussuka ta, a turmi ake surfa ta, wasu har da yashi suke surfawa don dusar ta fita. Ƙwayarta da ƙwayar yashi girmansu ɗaya, ido ba ya raba su, rariya ba ta raba su. Ruwa ne kaɗai yake raba su, da ƙwarya biyu, da hannun da ya iya. A zuba ruwa a riƙa regewa a hankali, acca ta gangara ƙwarya ta biyu, yashi ya kwanta a gindin ta farko, a zubar, a sake, sau shida, sau bakwai, har awa ɗaya da rabi, sannan a shanya a tabarma ta bushe. Abin da Emilia take yi ke nan duk ranar Asabar da hantsi, lokacin da shi yake wurin aiki ko yana ƙarƙashin mangwaro suna dara. Accar gwangwanin nan da take dahuwa a minti sha biyar, wankakkiya ce tun watan Yuli. Shi bai san akwai wani wanki ba. Ya juye ledar a gwangwani, ya rufe, ya ɗora ruwa.

Ya ɗiga romon sama a tafin hannu, ya lasa, ya ji daidai. Yashi ba ya zama a sama. Kuma don son da yake mata, kullum sai ya kankaro mata na gindin tukunya, inda ya fi kauri, inda kifi ya taru.

Ran nan da ya dawo daga wanka ba ta gama ba. Ya jira a baranda. Sai shida da rabi ta buga kwano da cokali, alamar ya shigo. Kwanon wayam. Ta sha ruwa kofi biyu a kan magani, abin da ba ta saba ba.

"Ya yi daɗi? Sabuwar acca ce, yau na sayo."

Ta dube shi. Yana tsaye da tawul a wuya, idanunsa sun faɗa don gajiya, yana murmushi kamar yaron da ya ci jarrabawa. Ta gyaɗa kai.

Alhamis haka. Juma'a haka. Ya lura tana daɗewa, ya lura ran Juma'a idonta ya yi ruwa kuma tana dafe ciki, ya ce a ransa tunanin zuwan Yaya ne yake damun ta. Ya dafa kafaɗarta ya ce, "Kada ki damu, Maman Ƙauna. Gobe za ta gani da idonta."

Ranar Asabar rabin yini ake aiki. Ya dawo da azahar, ya share baranda, ya taimaka wa Emilia ta sa rigar zumunta mai ruwan bula, ya zaunar da ita a kujera. Ƙarfe huɗu ya ɗora tukunya, ya sa kabewa da kifi har biyu. Yana saukewa ya ji tsayuwar mota, tsohuwar akori-kura mai warin citta. Bartholomew direba ya zauna a ciki bai kashe inji ba. Edna ta shigo, ga katifa a naɗe a bayan motar, wato da shirinta ta zo.

Ta tsaya ta ƙare wa ƙanwarta kallo. Ta kama kumatunta, ta ɗaga hannunta ta duba. Fuskarta ta ɗan saki.

"To. Ba laifi. Wa yake dafa mata?"

"Ni ne, Yaya."

"Kai?" Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Kawo in gani."

Ya kawo kwanon da ya zuba wa Emilia, yana tururi, ganye shar a kai. Ya miƙa da hannu biyu. Emilia ta yi wani sauti, ta miƙa hannun hagu za ta tare, amma Edna ta riga ta nutsa cokali har ƙasa ta kai baki.

Garas.

Har Azariya ya ji daga inda yake tsaye. Edna ta daskare. Ta juya ta tofar a ƙasa, ta sake tofarwa, ta goge harshe da bakin zani.

"Yesu! Mene ne wannan? Azariya, ka rege accan nan?"

"Rege?"

"Ka wanke yashin?"

"Wane yashi, Yaya?"

Ta ɗebo cokali daga gindin kwano ta tura masa a baki kamar mai ba jariri magani. Ya tauna. Haƙoransa suka yi ƙara har cikin kunnensa, tsikar jikinsa ta tashi. Ya kasa haɗiyewa, ya kasa tofarwa a gaban yayar matarsa, ya tsaya da abin a baki.

"Tun yaushe?" in ji Edna, muryarta ta yi ƙasa.

Ya fita gefe ya zubar, ya dawo. "Laraba."

"Laraba, Alhamis, Juma'a." Ta juya kan Emilia. "Ke kuma kika ci? Kina da hannu ɗaya, ba ki iya ture kwano ba? Ba ki iya nuna masa ba? Emilia, yashi fa! Mara lafiya, da yashi a ciki!"

Emilia ta sunkuyar da kai.

Azariya ya nemi bakin baranda ya zauna. Kwano uku, kowanne wayam. Yana can bayan gida yana watsa ruwa yana 'yar waƙarsa, ita tana nan ita kaɗai tana haɗiyar ƙasa cokali bayan cokali. Kunya ta rufe shi, da baƙin ciki, da wani irin tausayi mai zafi da bai san inda zai sa shi ba. Duk girman kan da ya tara a kwana goma sha biyun nan ya zube. Ya ga ashe ba don ita yake riƙe ta ba, don kansa ne, don kada ya dawo ya tarar da ɗaki babu kowa.

"Yaya," ya ce, bai ɗaga kai ba. "Ki tafi da ita. Kin yi gaskiya. Ni zan kashe ta ne ban sani ba. Bari in haɗa kayanta."

Ya miƙe. Sai ya ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Emilia ce ta sunkuya daga kujera, ta jawo kwanon da Edna ta ajiye, ta ɗora a cinya. Ta kama cokali da hannun hagu, ta nutsa shi ƙasa, ta ɗebo, ta kai baki. A gabansu, ita da ba ta yarda a ga tana ci. Romo ya gangaro ta gefen bakinta ya sauka a kan rigar zumunta, ba ta goge ba. Ta tauna, garas, garas, tana kallon yayarta ido cikin ido. Ta haɗiye. Ta sake nutsa cokali.

"Ke! Bari!" Edna ta fizge kwanon.

Emilia ta buɗe baki. Jijiyoyin wuyanta suka tashi, leɓenta ya karkace, kalmar ta tsaya ta ƙi fitowa, ta sake turo ta.

"Mi... jina... ya dafa."

Injin motar Bartholomew yana ta kaɗawa a waje. Edna ta tsaya da kwano a hannu, doguwar macen nan da ba a taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da aka binne mijinta, sai ga shi suna zuba tana sharewa da bayan hannu cikin fushi, kamar su ma sun yi mata laifi.

"Taurin kai," ta ce. "Tun kina yarinya. Taurin kai kamar na Baba."

Ta ajiye kwanon can nesa inda hannun Emilia ba zai kai ba. Ta fita bakin ƙofa ta ɗaga murya. "Bartholomew! Sauke katifan nan ka tafi. Ka biyo mini ran Litinin." Ta dawo tana kwance ɗankwali tana ɗaure shi a ƙugu.

"Kai kuma ka tsaya kana kallona? Kawo ƙwarya biyu da bokitin ruwa. Ka kawo gwangwanin gaba ɗaya."

Ya nufi kicin, ya tsaya a bakin ƙofa yana jira ta shigo.

"Ba a ciki ba. Nan waje, inda haske yake."

Nan waje kuwa tsakar kwatas ne. Matan maƙwabta suna bakin famfo, mazan suna ƙarƙashin mangwaro, biyu daga cikinsu leburorinsa ne. Azariya ya dube su sau ɗaya. Ya fito da ƙoren, ya naɗe ƙafar wando, ya durƙusa a ƙasa a gaban kujerar matarsa.

Edna ta zuba acca da ruwa, ta nuna masa sau ɗaya, ta miƙa masa. Ya karkata ƙwarya da ƙarfi irin na mai ɗaga katako, komai ya kwarara tare, acca da yashi.

"A hankali! Ba layin dogo ba ne. Sake."

Ya sake. Hannuwansa manya, masu kanta, suka sake karkata ƙwaryar da ƙarfi. Sai ya ji yatsu sun sauka a kan wuyan hannunsa. Emilia ce ta sunkuyo, ta riƙe shi da hannunta mai rai, tana kaɗa shi kaɗan-kaɗan, gaba da baya, gaba da baya. Farar acca ta fara gangarawa ƙwarya ta biyu. Da ruwan ya tsane ya leƙa gindin ta farko, ya ga abin da ya kwanta a wurin, baƙi-baƙi, ya kai cikin cokali biyu, daga awo ɗaya tak na abincin yamma. Ya daɗe yana kallon sa.

"Zubar," in ji Edna. "Saura shida. Ka yi sauri, ƙarfe biyar ta wuce, kuma ba ta ci komai ba."